Ɗinki bai yanke ba, kuɗi bai zauna ba: in rufe keke ko in ci bashi?

Anti, barka da aiki. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku: babbar tana da shekara 7, mai bi mata 4, autan kuma watansa 11. Shekara biyar ke nan ina ɗinki a cikin gida. Aiki dai alhamdu lillahi ba ya yanke mini, wani lokaci har mayarwa nake yi. Amma in wata ya ƙare sai in duba in ga ba ni da komai a hannu, har zare sai na ranta wurin maigida. Da rana yara ba sa bari, sai sun yi barci nake hawa keke, in kai ƙarfe ɗaya ko biyu na dare. 'Yan'uwa da dama suna kawo ɗinki su ce za su turo, shiru kake ji. Makon jiya na tashi ɗauko jariri, kafin in dawo na tsakiyan ya ɗauki almakashi ya yayyanka yadin wata kwastoma. Na biya ta, na dake shi, sannan na zauna na yi ta kuka. Maigida ya ce kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu, in haƙura in kula da yara. Ƙawata kuma ta ce in karɓi rance in sayi babban keke in kama shago. Ina son sana'ata, amma na gaji. Wanne zan bi?

Daga wata uwa mai ɗinki

Ƙanwata,

Bari in fara da yaron nan, don na san shi ya fi tsaya miki a rai ko da ba ki faɗa ba. Ɗan shekara huɗu da ya buɗe ido ya ga uwarsa kullum da almakashi a hannu tana yanka yadi, ranar da ya samu sarari me zai yi in ba abin da ya ga ana yi ba? A tunaninsa taya ki aiki ya yi. Ki jawo shi jikinki ki rarrashe shi, ki ce masa Mama ta gaji ne shi ya sa ta yi fushi. Yara ba su da riƙo, mu manya ne muke kwana da abu. Daga yau kuma almakashi da reza da allurai da maɓallai su koma cikin akwati mai murfi, a saman da hannunsa ba ya kaiwa, ko da tashin minti ɗaya za ki yi. Autan da ke rarrafe ma ya fi ba ni tsoro. Duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa, kuma allurar da ta faɗi ƙasa ba a ganinta sai ta yi ɓarna. Ki nemi ɗan maganaɗisu ki riƙa bin ƙasa da shi duk sanda kika tashi daga aiki. Yadi kuwa kin biya, ya wuce.

Sai maganar maigida da ƙawarki. Shi ya ce sana'ar ba ta kawo komai, ita ta ce tana kawowa har ta isa a faɗaɗa ta. Da me suka auna? Da ido. Ke ma da kike kan keken, in na tambaye ki nawa ya shigo a watan jiya, nawa kika kashe a kan kayan aiki, nawa ke hannun mutane, na san za ki ce mini "ai da dama". Ba laifinki nake gani ba, don na yi wannan zaman. Amma a cikin wannan duhun ba a rufe sana'a, ba a kuma ci mata bashi.

Lokacin da nawa yaran suke ƙanana saƙa nake yi, kayan sanyi na jarirai: hula, safa, 'yar riga. Jaka ɗaya gare ni, baƙa mai zif, a rataye a bayan ƙofar ɗaki. Kwastoma ta biya, in jefa ciki. Baban yara ya bar kuɗin cefane, in jefa ciki. Yaro ya dawo ya ce fensirinsa ya ɓata, in zura hannu. Sabulu ya ƙare, in zura hannu. Shekara biyu ina faɗa wa duk mai saurarona cewa saƙa ba ta da albarka. Wata rana zazzaɓi ya kwantar da ni, na rasa abin yi, sai na jawo wani tsohon littafin rubutun yarana na fara tuno abin da ya fita daga jakar nan cikin wata guda. Ashe saƙar ce ke sayen sabulun gidan, ita ke sayen magani, ita ta sayi takalman makaranta har ƙafa biyu. Ribar tana nan, cinye ta ake yi tun ba ta nuna ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wani watan ba ribar kaɗai muke ci ba, har da uwar kuɗin, shi ya sa in na je sayen zare sai in ga abin da ke hannuna bai kai na wancan karon ba. Da na karanta a wasiƙarki cewa kina ranto kuɗin zare, wannan baƙar jakar na tuna.

Ciwon nan ba namu ne mu kaɗai ba. A Jamhuriyar Dominika wasu masana tattalin arziki uku, Alejandro Drexler da Greg Fischer da Antoinette Schoar, sun yi gwaji da masu ƙananan sana'o'i sama da 1,000, galibinsu mata. Wasu aka koya musu lissafin akanta irin na makaranta. Wasu kuma aka ba su 'yan dokoki masu sauƙi: kuɗin sana'a a aljihun tebur ɗaya, na gida a wani, ki yanka wa kanki albashi, in kin taɓa kuɗin sana'a don buƙatar gida, ki rubuta a matsayin bashi ki mayar. Da suka wallafa sakamakon a 2014, waɗanda aka bai wa 'yan dokokin nan ne suka fi gyara yadda suke riƙon kuɗi, musamman masu ƙarancin sanin lissafi. Na kawo miki wannan ne don kada ki ce ai ke ba ki iya lissafi ba. Aljihu biyu ake nema, ba digiri ba.

To ga yadda za ki yi. Ki ware wa ɗinki gidansa. In da hannu ake biyanki, jaka ko gwangwani na daban. In ta waya ake turowa, asusu na daban, don kuɗin da ke cikin waya ya fi na jaka saurin zirarewa, ba a jin nauyinsa sanda yake fita. Duk abin da kwastoma ta biya can zai shiga, kuma ba abin da zai fito sai don zare, shafi, zif, man keke, gyara da makamantansu. Rana ɗaya a mako, ki zaɓe ta da kanki, ki ciri albashinki: adadi guda tsayayye, ƙarami da farko. Wannan naki ne, ki sayi abin da kika ga dama, ki taimaka wa gida in kina so, ba mai tuhumarki. In wata larura ta taso kika taɓa na ɗinki, kuma za ta taso, ki rubuta ƙaramar takarda ki jefa a gwangwanin: "Na ranci kaza, ranar kaza." Ranar albashi ki fara biyan wannan. Da farko abin zai ba ki dariya, mutum yana bin kansa bashi. Ni ma na yi dariyar, sai da na tara takardu goma sha ɗaya cikin mako biyu sannan dariyar ta tsaya.

Sai littafi. Kowane shafi ki ja layi biyu ya zama gida uku: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ake bin mutane. Ki rubuta a lokacin, kafin kwastoma ta kai bakin ƙofa, don in kika ce sai dare, daren uwa mai shayarwa ba nata ba ne.

Akwai abu ɗaya a wasiƙarki da na karanta har sau biyu: aiki yana yi miki yawa har kina mayarwa, amma babu kuɗi. Wanda layi ya taru a ƙofarsa kuma aljihunsa fayau, ko dai kuɗin yana yoyo, ko kuma arha yake yi. Ina zargin duka biyun sun haɗu a kanki. Yawancinmu masu aikin hannu yadda muke sa kuɗi shi ne mu tambayi nawa wance ke karɓa, sai mu ɗan rage don kada a guje mu. Ba ma tambayar ko ita wancen tana cin riba, ko ita ma baƙar jaka gare ta a bayan ƙofa.

Abin da kike sayarwa a zahiri awanninki ne, kuma su ne suka fi komai ƙaranci a gidanki. Don haka ki sa wa ɗinki agogo. Kowane kaya ki rubuta a gefen sunan mai shi lokacin da ya ci, tun daga awo, yanka, ɗinki, guga, har da dawowar da ake yi a ce a ɗan rage nan a ɗan ƙara can, har da rabin awar da aka yi ana tura miki hotuna ana canza ra'ayi. Za ki sha mamaki. A ce rigar da ta sha ado tana cin awa bakwai, kina karɓar ninki biyu na abin da kike karɓa a kan mai sauƙi wadda ke cin awa biyu. A cikin awa bakwai ɗin nan da kin ɗinka masu sauƙi uku kin karɓi ninki uku, har da ragowar awa guda ta hutu. Ke nan ɗinkin da kike alfahari da shi, wanda ake yabonki a kansa, shi ne ke cin ki. Ba na cewa ki daina shi, don shi ke jawo miki suna. Ki sa masa kuɗin da ya dace da wahalarsa, wanda ya ga ya yi masa tsada ya ɗauki mai sauƙi.

Ƙarin kuɗi yana da ban tsoro, na sani. Ki fara da sababbin kwastomomi, waɗanda ba su san tsohon farashi ba. Tsofaffin kuma ki sanar da su tun da wuri: daga wata mai zuwa kuɗin ɗinki ya koma kaza. Wasu za su tafi. Ki bar su, tunda dama mayar da aiki kike yi. In mutum goma suka koma takwas amma abin da ke shigowa bai ragu ba, kin samu daren barci biyu kyauta. Sannan kada almakashi ya taɓa yadi sai an ba da kafin alƙalami, aƙalla abin da zai sayi kayan haɗi, kuma kada kaya ya bar hannunki sai an cika. Wannan ba rowa ba ce, kuma duk wadda ta taɓa yin sana'a ba za ta ga baƙinki ba.

Na san kina cewa a ranki: to 'yan'uwa fa? Nan ne wuta take, don kunya ta fi asara ciwo a lokacin da ake tsaye gabanki. Shawarata ki raba kyauta da bashi tun kafin a zo. Ki zauna ke kaɗai ki ƙidaya mutanen da har zuciyarki kike son yi wa ɗinki kyauta, wataƙila mahaifiyarki, wataƙila surukarki, wataƙila wata da kika san ba ta da hali. Su ki yi musu da hannu biyu, ki ce "wannan kyauta ce", ki rubuta a littafi cewa kyauta ce, ladanki na wurin Allah. Sauran kowa kwastoma ne. In yayarki ta kawo yadi ta ce za ta turo, ki yi murmushi ki ce, "Yaya, wallahi yanzu na ɗaure kaina da doka, kuɗin ɗinki ko ni ba na taɓawa sai na rubuta. Ki ba ni na kayan haɗi in fara, ranar karɓa kya cika." Kin ga amfanin gwangwanin nan: laifin ya koma kan doka, ba kanki ba. Ranar farko za a yi miki gatse, a ce kin zama 'yar kasuwa. Ki ce amin. Tsofaffin basussuka kuma ki jera su, ki tura wa kowa saƙo sau ɗaya cikin ladabi da adadin da ake binsa. Wasu za su biya, don mantuwa ce ta gaske. Wanda ya yi kunnen uwar shegu kada ki yi faɗa da shi, zumunci ya fi yadi, amma sabon ɗinkinsa ya jira tsohon ciko.

Yanzu ga abin da na fi so ki tsaya a kai, wato ƙarfe biyun daren nan. Likitoci suna cewa babban mutum yana buƙatar barcin aƙalla awa 7. Ke kina kwanciya biyu, jariri ya tashe ki, asuba ki miƙe shirya 'yar makaranta. Da wannan idon kike yanka yadin mutane, da wannan zuciyar kike renon yara uku. Dukan da kika yi wa yaron nan rashin barci ne ya ɗaga hannun. Kuma jiki magayi, in ba ki saurare shi yanzu ba zai yi miki magana da babbar murya.

Mutane suna ganin mai sana'a a gida kamar ta huta, ga aiki ga yara a wuri ɗaya. Wanda bai gwada ba ne. A Yuganda wasu masu bincike biyu, Solène Delecourt da Anne Fitzpatrick, sun duba ƙananan shagunan sayar da magani, suka tarar kashi 37 cikin 100 na mata masu shago suna zuwa aiki da ƙananan yara, a maza kuwa babu ko ɗaya, kuma ribar masu zuwa da yaran ta gaza ta sauran da kusan rabi. Ba don sun fi kowa rashin iya kasuwanci ba. Hannun da ke riƙe da yaro ba ya samun sararin zuwa sayo kaya a kan lokaci. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kuma a rahotonta na 2018 ta ƙiyasta cewa a faɗin duniya mace tana kashe awa 4 da minti 25 kullum a aikin gida da reno wanda ba a biyanta, namiji awa 1 da minti 23. Ki ɗora ɗinki a kan wannan, ki ga aiki nawa kike yi. Saboda haka in kin ji kin gaza, ki sani taura biyu kika haɗa a baki.

Abin da kike buƙata kafin babban keke shi ne awa biyu ko uku da rana waɗanda ba wanda zai kira sunanki a cikinsu. Awa biyu da ido a buɗe sun fi huɗu na gyangyaɗi. Inda za su fito ke kika san gidanki. Ko wata maƙwabciya mai yara ku yi musaya, yau ta riƙe naki gobe ki riƙe nata. Ko wata amintacciya da za ki biya daga kuɗin ɗinki, ki rubuta shi a gidan "abin da ya fita" kamar yadda kike rubuta zare, don shi ma kayan aiki ne. Ko kuma baban yara ya ɗauke su na wani lokaci in ya dawo ko ranar hutunsa. 'Ya'yansa ne, ba alfarma zai yi miki ba, amma yadda aka nemi abu shi ke sa a samu, kin fi ni sanin lokacin da ake yi masa magana ya ji. Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki mayar da 'yar shekara bakwai ɗin nan mai reno. Ta taya ki wasa da ƙaninta kina gani, wannan daidai ne, amma ba a bar mata jariri a rufe ƙofa.

In kin samu awannin, ki zuba musu aikin da ke son natsuwa: awo, zane da yanka, inda kuskure ɗaya ke cinye ribar mako. Sa maɓalli, kalmasa da hannu, tsinke zare, amsa saƙo, waɗannan ana yinsu yara na wasa a gefe. Ki sa ranakun karɓar aiki da na ba da kaya, don mai zuwa awo ba ta zuwa da awo kaɗai, da hira take zuwa. In kina amfani da WhatsApp Business, akwai wurin da ake saita saƙon da zai amsa da kansa in an rubuto a lokacin da ba kya aiki. Ki rubuta awanninki a ciki ki kife wayar. Alkawari kuma ki riƙa ƙara masa kwanaki. In kin san aiki zai ci kwana huɗu ki ce mako guda, domin a gidan da ke da yara uku ba a rasa mai zazzaɓi ko mai haƙori. In kin gama da wuri a yabe ki, in yaro ya kwanta ba ki zama maƙaryaciya ba.

Rancen da ƙawarki ke faɗa, ban ce har abada ba, amma ba yanzu ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Rance yana zuwa da ranar biya, kuma ranar ba ta san cewa autanki ya kwana yana kuka ba. Kuɗin shago ma haka, ko kin buɗe ko ba ki buɗe ba yana tafiya. Sannan ki tambayi kanki: saurin keke ne ya tsayar da ni? In abin da ya hana ki gama aiki shi ne ana tayar da ke duk minti goma, keken da ya fi naki gudu sau uku ma zaman jiranki zai yi. Shago kuma, wa zai riƙe yaran, ko da su za ki tafi?

Akwai wani dalilin. An yi gwaji a Siri Lanka inda aka bai wa masu ƙananan sana'o'i tallafin jari: ribar maza ta ƙaru, ta mata kuwa a jimlace ba ta motsa ba. Har wasu suka fara tunanin ko mata ba su iya juya kuɗi ba. Da wasu masana suka sake bin bayanan, tare da na Indiya da Gana, a 2019, sai suka ga sau da yawa kuɗin bai shiga sana'ar matar ba ma, ya zarce cikin kasuwancin mijinta; inda ita kaɗai ke sana'a a gidan, jarin ya yi amfani. A gwajin Gana kuma, matan da aka saya wa kayan sana'a kai tsaye sun fi waɗanda aka danƙa wa tsabar kuɗi ganin ƙari. Kuɗin da ya shigo hannun uwa yana da masu jira da yawa. In kika karɓo rance yau, alhali ba ki raba aljihu ba, zai bi hanyar da ribarki ke bi, ya bar ki da biya. Ko nan gaba in kin tara wani abu don ɗinki, ki yi maza ki mayar da shi zare da shafi da kayan aiki, don ba mai zuwa ya ce ki ranta masa zif.

Kafin ki yi tunanin faɗaɗawa akwai wani asusun da ya riga shi. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 183, ta shekarar 2000, ta ce hutun haihuwar ma'aikaciya kada ya gaza mako 14. Mai zaman kanta irinki, a mafi yawan lokuta, ranar da ta sauka daga keke ranar kuɗi ke tsayawa, ko haihuwa ce ko jinya. Ke ce ma'aikaciyar, ke ce kuma mai biyan hutun. Don haka kowace ranar albashi ki ware wani ɗan abu, komai ƙanƙantarsa, ki ajiye inda hannu ba ya saurin kaiwa, har ya kai abin da zai riƙe ki wata biyu ko uku ba ki taɓa keke ba. Daga cikinsa ne kuma za a biya yadi in aka sake samun tsautsayi, ba daga kuɗin zare ba.

Maigida kuwa, kada ki ɗauki maganarsa a matsayin ƙiyayya. Abin da yake gani shi ne matarsa tana raba dare, ga ido ya faɗa, ga fushi, sannan ta zo rancen kuɗin zare. Ko ni ce a wurinsa abin da zan ce ke nan. Kada ki yi musu da shi yanzu, ba ki da abin nunawa. Ki ce masa, "Baban yara, na ji maganarka. Ka ba ni mako shida in rubuta komai, sannan mu zauna mu duba tare." In lokacin ya yi ki buɗe littafin a gabansa, har da 'yan takardun rancen nan, don su ne za su nuna masa abin da ɗinkin yake ɗauke wa gidan ba tare da ya sani ba. Nawa maigidan, da ya ga takalman makaranta a jerin, shiru ya yi, can ya ce ai ya ɗauka daga kuɗin cefane nake tsimi.

Zai yiwu kuma littafin ya goyi bayansa, ku ga bayan an cire komai abin da ya rage bai kai wahalar ba. In haka ta faru, tsakanin rufewa da ci gaba akwai hanya: ki rage, ki riƙe kwastomomi kaɗan masu biya da kyau, kaya biyu ko uku a mako, hannunki bai manta ba, sunanki bai ɓace ba, har autan ya yi ƙwari na tsakiyan ya shiga makaranta sosai. Ni sai da na yi shekara guda da rabi a haka. Shekara biyar da kika yi kina koyon jikin mutane da halinsu ba za su gudu ba don kin sassauta.

Bayan mako shida ki sake rubuto mini da abu huɗu: nawa ya shigo, nawa ya fita a kan kayan aiki, nawa ke hannun mutane, da kuma irin ɗinkin da ya fi ba ki kuɗi a kowace awa. Ki faɗa mini har da ƙarfe nawa kike kwanciya. Ɗan telanki kuma ki tara masa ƙyallayen da suka rage a wani kwali, ki saya masa almakashin yara mara kaifi, ki ce ga nasa yadin, na kan tebur na mutane ne. Ki gaishe mini da su.

Antinki